Takalmin da na ƙera wa Mma Adiza

Kullum kuka zauna a bencin nan na ƙofar shagona kuna jiran a tada salla, sai na ji ɗayanku ya ce wai aikin Baba Issaka ai ba wani aiki ba ne, ƙarfe biyu ne kawai a lanƙwasa a ɗaure da fata. To, madalla. Ga bayis ɗin matse ƙarfe nan, ga guduma. Wanda ya ga zai iya ya taso ya lanƙwasa mini ƙarfe ɗaya ya bi shatin ƙafar mutum, kada ya taɓa idon sawu, kada kuma ya yi nesa da shi fiye da kaurin ɗan yatsa. Kun ga ba wanda ya taso. Ni tun iyayenku suna yawo da gajeren wando a lungunan Nima nake ƙera wa masu shan inna takalmin ƙarfe, kuma har yau in zan auna ƙafa sai na nutsu tukuna.

Abin da ya tono mini maganar yau shi ne wata likitar ƙashi da takan turo mini mutane. Makon jiya ta biyo karɓar aiki, ta zauna nan inda kuke, tana ba ni labari da murnarta. Wai yanzu akwai ƙusa mai zare da ake yi da wani ƙarfe, magniziyam, a ɗaure karyayyen ƙashi da ita. Ƙusar za ta riƙe har ƙashin ya haɗe, sannan jiki ya cinye ta a hankali, ba sai an sake tsaga mutum don a ciro ta ba. Ta ce gauraya shi suke yi da wasu ƙarafa don kada ya narke kafin ƙashi ya yi ƙwari. Tana ta bayani, a zatonta ban taɓa jin ko sunansa ba. Na bari ta gama, na ce mata, “Likita, ni na san yadda jikin mutum yake cin ƙarfen nan tun kafin a sa ki makaranta.” Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce irin tawa. Ban ba ta labarin ba don tana sauri, ku da ba ku da abin yi ku za ku sha shi.

Aikin farko da na yi a sana’ar nan ba ƙira ba ne, tafiya ce. Wurin Masta Salifu na koya, a Maamobi, can gefen babbar kwata. Uban Masta soja ne da ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya, shi ya sa ɗan ya shiga wannan hanya. Ranar da aka kai ni, bai tambaye ni ko na iya riƙe guduma ba. Ya ɗauko wani tsohon takalmin ƙarfe, irin mai kamawa daga cinya har diddige, ya ɗaura mini a ƙafar dama, ya kulle gwiwar, ya ce in je kasuwar Nima in sayo masa goro. Na tafi ina jan ƙafa, mata suna ta yi mini sannu. Kafin in dawo cinyata ta saɓule, kwankwasona kamar ba nawa ba. Ya karɓi goronsa ya ce to, yanzu na san abin da zan riƙa ɗora wa mutane, duk ƙarfen da na bari bai zama dole ba wani ne zai ja shi har ya mutu.

Shekara biyu bai bar ni na taɓa wuta ba. Aikina in shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa, mutum ya miƙe ƙafa a kai, in bi da fensir a tsaye cak, in na karkata shi kaɗan Masta ya ƙwale ni da bayan magagari. Sai goge bakin ƙarfe, sai yankan fata, sai ɗinki da basilla. Dokokinsa ba su da yawa, amma ɗaya ya fi nanatawa: ƙusar da za ta haɗa ƙarfe da ƙarfe, ko ƙarfe da fata, ta jan ƙarfe ce, ba wata ba. Ƙusar baƙin ƙarfe gumi yana sa ta tsatsa, ta jan ƙarfe kuwa sai dai a gaje ta. Na haddace wannan kamar karatun allo, kuma gaskiya ya faɗa, a kan ƙarfen da ya sani.

Allah sarki, lokacin shago shago ne. Da hantsi za ka ga kekunan guragu jere har bakin titi, wasu daga Alajo, wasu daga Madina, wasu ma daga arewa aka sauke su a tasha da sunan Masta rubuce a takarda. Hausa, Twi, Ga, Zabarmanci, Kotokoli, duk a ƙarƙashin rumfa ɗaya, kowa ya cire takalminsa ya jingine yana jiran layi, ana musun ƙwallo. Yanzu ɗigon rigakafi ya kori shan inna, alhamdulillahi, ba na fatan ko maƙiyina ya ga ɗansa da ita. Waɗanda suka rage kuma na roba ake zuba musu a asibiti. Na yi murna, wallahi na yi murna. Amma ina kewar rumfar nan da hayaniyarta, ba zan ɓoye muku ba.

Cikin mutanen da na gada daga Masta bayan rasuwarsa akwai Mma Adiza. ’Yar ƙabilar Kotokoli ce, tana sayar da koko da ƙosai a mahaɗar da motocin haya na trotro ke tsayawa, inda mai sayar da katin waya yake zama yanzu. Ƙafarta ta hagu ta shanye tun tana ’yar shekara uku ko huɗu. Ta girme ni nesa, kuma har na fara furfura ba ta daina ce mini Masta Ƙarami ba. In na je shan koko sai ta ce a ba Masta Ƙarami na ƙasan tukunya, ya yi ƙarfi ya daina bugun yatsansa da guduma. Takalminta Masta Salifu ne ya ƙera shi da baƙin ƙarfe, mai kyau ne, amma nauyi kamar turmi. Duk bayan ’yan watanni ta kawo in canza fata ko in ɗaure gwiwa, ta zauna ta zage ni tas a kan jinkiri, ta tafi ta aiko mini da ƙosai. Har gobe in na bi ta mahaɗar nan sai na waiwaya wurin teburinta.

Wata shekara ’ya’yanta suka samar mata kujerar Makka. Ta zo shago ba da wasan da ta saba ba, ta zauna ta kwance takalmin ta ajiye a gabana. Ta ce da wannan ko kasuwa za ta je sai ta huta sau uku, an kuwa gaya mata ɗawafi zagaye bakwai ne cikin turmutsitsi, kuma masu irin lalurarta ɗaukarsu ake yi. Na ce mata ai addini ya yi sauƙi, wanda aka ɗauka ma ɗawafinsa ya yi. Ta dube ni.

“Issaka,” ta ce, ran nan kaɗai ta kira sunana, “tun ina yarinya ake ɗaukata. A goye aka kai ni makarantar allo, a kafaɗa aka shigar da ni ɗakin miji. A gaban ɗakin Allah ba na so kowa ya ɗauke ni. Ka yi mini mara nauyi, in yi bakwai ɗin nan da ƙafata.”

Na ce mata in Allah ya yarda zan yi. Na faɗa ne kawai, ban san da me zan yi ba. Alminiyam ɗin da muke samu a lokacin na tukwane ne, lagwani, mace mai jiki irin nata ta taka sau goma zai lotse.

Ana cikin haka wani ɗan kondem, irin masu tura baro suna sayen ruɓaɓɓen ƙarfe, ya kawo mini wasu sanduna da ya ce daga wajen filin jirgi aka zubar, kamar ƙafafun wani abin tura kaya. Na ɗaga ɗaya, na ji kamar kara na ɗauka. Na sa a bayis na danna da ƙarfina, ko gezau. Na ce alminiyam ne na Turawa. Da na fara gogawa, garin ya zuba cikin garwashi, sai ga wani farin haske ya tashi fau, irin na masu walda, har sai da na ga duhu-duhu. Na kai wa wani tsoho Bazabarme da ya tsufa a harkar ƙarafa. Ya yanka lemun tsami ya ɗiga a kai, wurin ya yi kumfa. Ya ce wannan magniziyam ne, masu zubin tukunya ba sa ƙaunar ganinsa, in ya kama wuta kada in kuskura in zuba ruwa, yashi zan watsa. Na gode masa na dawo ina tsallen murna. Kun ji wautar: a gabana ruwan lemo ya ci ƙarfen nan, amma duk hankalina ya tafi ga wuta. Na tanadi bokitin yashi, na share garin ƙarfe safe da yamma, ban yi tunanin gumi ba ko sau ɗaya.

Sati uku aikin ya ci mini. Ƙarfen ba ya lanƙwasuwa da sanyi, sandar farko da na gwada tsagewa ta yi. Sai na riƙa shafa masa sabulu, in gasa daga nesa da garwashi har sabulun ya yi duhu, in ɗora a kan kututture in bi shi da guduma ta katako, kaɗan-kaɗan, ina gwadawa a kan zanen ƙafarta. Maɓallin gwiwa dole na baƙin ƙarfe ne, don shi ke ɗaukar wahala. Na huda, na haɗa shi da sandunan da ƙusar jan ƙarfe huɗu-huɗu, yadda aka koya mini. Kafin in buga na gaske sai da na gwada hannuna a kan wani guntu da ya rage. Na rufe komai da fatar akuya mai laushi, na ɗinke ta ciki da waje yadda ƙarfe ba zai taɓa jikinta ba. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kafinsa ko bayansa.

Ranar gwaji ta zo da rakiyar Memuna, maƙwabciyarta a gidan haya, wadda za su tafi tare. Na ɗaura mata, ta miƙe, ta ɗaga ƙafar, ta sake ɗagawa, ta duba ƙasa ko dai ban sa mata komai ba. Ta fita ta nufi masallacin Juma’a, muna biye da ita, ta je ta dawo ba ta tsaya ba. Da ta zauna sai ta ce to, daga yau an cire Ƙarami, saura Masta. Wata biyu ta yi tana sanye da shi, cikin damina, a gaban tukunyar koko mai tururi, da la’asar kuma ta taka har Alajo ta dawo wai tana horar da ƙafa.

Saura kwana biyu su shiga sansanin alhazai ta aiko a karɓar mata tsohon takalmin, ta ce za ta sa a akwati ko da wani abu. Nan ne na yi abin da ya fi ƙusar muni. Raina ya ɗan sosu, na tashi na je da kaina, na ce mata haba Mma, wa zai ɗauki wannan turmin har Makka, ko ba ta yarda da aikina ba ne? Ta ce ta yarda. Na ce to ta bar shi. Ta bar shi, don kada in ji kunya.

Guntun nan da na gwada ƙusa a kansa, na lanƙwasa shi na kafa a bango wajen famfo, muna rataye buta. Kwana goma bayan tafiyarsu na idar da alwalar azahar, na rataye buta, sai buta da maratayi suka faɗo tare. Na ɗauka na duba. Gefen ƙusar ya zama farin gari kamar toka, ramin ya buɗe, ƙarfen ya rarake. Jan ƙarfen kuwa yana nan ƙalau yana sheƙi. Na sa yatsa biyu na karya abin da bayis bai iya lanƙwasawa ba. Daga baya ne wani malamin makarantar koyon sana’a ya fahimtar da ni cewa in magniziyam ya haɗu da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, ga danshi, musamman mai gishiri, to shi ne zai riƙa narkewa yana barin su. A ranar ban san dalili ba, amma na san inda ƙusa takwas irin wannan suke. Suna gwiwar Mma Adiza, a ƙarƙashin fatar da na ɗinke da kyau yadda ba mai gani, fatar da ke shan gumi tun safe. Kuma na san ba ta kwance takalmi in za ta yi alwala, daga sama take kwararo ruwa, sau biyar a yini.

Akwai wani tela, Fuseini, da na sa wa ragowar sanda ɗaya a nasa takalmin. Ko salla ban tsaya yi ba, Allah ya yafe mini, na ruga shagonsa na ce ya kwance. Na farke fatar a gabansa da gaban masu jiran ɗinki. Farin gari ya zubo a kan keken ɗinkinsa, alhali shi a zaune yake yini, kuma bai kai wata da sawa ba. Daga nan na ɗauki tsohon takalmin Mma Adiza a kafaɗa na tari mota zuwa sansanin alhazai. Na tarar ana naɗe tabarmi, jirgin ƙarshe ya tashi da kwana biyu. Lokacin ba waya a hannun kowa. Na bi wani ejan alhazai har gida, na roƙe shi ko akwai mai tafiya, ya ce ko akwai, a ina zai ga mace ɗaya cikin wannan taron. Na dawo da ƙarfen a kafaɗa, mutane suna kallona.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya bazu daga shagon tela, kuma ban musa wa kowa ba, duk wanda ya tambaya na ce ƙwarai, ni na yi. Wasu suka kwashe takalmansu suka koma wani wuri, ban ga laifinsu ba. Rumfa ta yi shiru. Ni ba wannan ne ya dame ni ba. In na ɗaga guduma sai in ga gwiwar nan tana ɓallewa cikin taro, mutane suna bi ta kanta. Ranar Arfa kowa na azumi yana roƙon abin da ya dame shi, ni ƙusa takwas nake roƙa wa Allah ya riƙe.

Da alhazai suka fara dawowa, kun san yadda unguwarmu ta Zongo take yi: fararen kaya, motoci suna ham, mata suna guɗa, kowane lungu ana dafa shinkafa. Na je na tsaya a ƙofar gidansu. Mota ta tsaya, Memuna ta fito, yanzu Hajiya Memuna, ita kaɗai. Babban ɗan Mma Adiza ya riga ya sani tun a filin jirgi. Zazzaɓi ne ya kama ta bayan an gama aikin Hajji, ta kwana uku ta cika, aka binne ta a can. Mutane suna ta cewa ta dace, irin wannan mutuwa roƙonta ake yi. Na ce haka ne, na yi ta’aziyya, na koma shago.

Sai da aka yi sadakar bakwai na iya zuwa wurin Hajiya Memuna. Ta ba ni dabino da ruwan Zamzam a ɗan kofi, na riƙe ban sha ba. Na ce mata ba zancen rasuwar ya kawo ni ba, zancen ƙafar ne. Ta ce ta sani, tun da ta sauka take jirana.

Ta ce ranar da suka shiga Makka, Mma Adiza ta hana kowa riƙe mata hannu. Ta shiga ɗawafi tana kuka tana tafiya, har tana wuce masu ƙafa biyu. A ƙarshen zagaye na biyar suka ji ƙas, ƙafar ta lanƙwashe ta waje, ta tafi ƙasa. Allah ya sa wasu mata biyu suka tare ta kafin a taka ta. Masu ɗaukar mutane suka taso, ta ce kada wanda ya taɓa ta. Ta zauna a gefe ta kwance takalmin da hannunta, ta dafa kafaɗar Memuna da ta wata baƙuwa da ba su ma jin yaren juna, ta yi sauran biyun da tsalle a kan ƙafa ɗaya. Sun daɗe ƙwarai kafin su gama. Bayan wannan ƙafar mai lafiyar ta kumbura, duk sauran aikin Hajjin, Safa da Marwa, Arfa, jifa, babban ɗawafi, ɗaukarta aka yi.

Na tambaya ko ta yi fushi da ni. Hajiya Memuna ta ce ba ta ji ta ambaci fushi ba, amma ta bar mini saƙo tun kafin ta kwanta ciwo, ta kuma sa ta maimaita don kada ta manta.

“Ta ce in gaya wa Masta, biyar nasa ne, biyu nata.”

Na ce Masta ta ce, ko Masta Ƙarami? Ta ce Masta.

Duk wanda na ba labarin nan sai ya ce mini ai biyar ma ba kaɗan ba ne ga macen da ba ta taɓa zuwa kasuwa ba hutu. Na sani, ina kuma gode wa Allah da su. Amma ina so in gan ta ko sau ɗaya, ta zauna a nan ta zage ni yadda ta saba, in ce mata ta yafe mini. Bakwai ta ce in yi mata.